Sayar da Gida a Amurka: Abin da Doka Ta Wajabta a Bayyana da Kuɗin da Ake Cirewa Ranar Kammala Ciniki

Maman Hanif:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gidaje a nan Amurka. Ni da maigidana mun yanke shawarar sayar da gidanmu da ke yammacin Houston, a jihar Teksas, wanda aka gina a 1974. Dillaliyar da muka ɗauka ta ba mu wata takarda mai shafuka da dama, ta ce mu cike ta da hannunmu, kuma a cikin tambayoyin akwai wadda take neman a faɗi ko ruwa ya taɓa shiga gidan. Gaskiya ruwa ya shiga a lokacin guguwar Harvey ta watan Agustan 2017, har ya kusa kai gwiwa, amma mun gyara komai, mun canja bango da daɓe da wayoyin lantarki, kuma FEMA, hukumar agajin gaggawa ta gwamnatin tarayya, ta ba mu tallafi a lokacin. Tun daga ranar ko ɗigo bai sake shiga ba. Shin dole ne mu rubuta wannan, alhali an riga an gyara? Na biyu kuma, idan muka sayar a kan dala 320,000, waɗanne kuɗaɗe za a cire kafin sauran ya zo hannunmu?

Baban Zahra:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A nawa ganin, abin da aka gyara ya zama tarihi, kuma aibun da babu shi a yau ba aibu ba ne. Ku rubuta a yarjejeniya cewa kun sayar da gidan a yadda yake, mai saye kuma ai zai kawo mai duba gini na kansa, ya biya shi, ya bi ɗaki-ɗaki. Idan ya ga matsala ya yi magana, idan bai gani ba ciniki ya faɗa. Ban ga dalilin da zai sa ku karya farashin gidanku da bakinku ba.

Dillaliya:
Malam Baban Zahra, da girmamawa nake cewa wannan shawarar tana iya jefa Hajiya cikin shari'a. Aikina ke nan a Teksas, kuma takardar da aka ba ta ba son ran dillaliyarta ba ne, sashe na 5.008 na dokar kadarori ta jihar ne ya wajabta wa mai sayar da gidan zama ya miƙa ta ga mai saye. Takardar ba halin da gidan yake ciki a yau kaɗai take tambaya ba, har da abin da ya taɓa faruwa. Bayan ɓarnar Harvey majalisar jihar ta ƙara tambayoyin ambaliya, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Satumban 2019, kuma yanzu ana tambaya ƙarara ko ruwa ya taɓa shiga ginin, ko an taɓa neman diyya daga kamfanin inshora saboda ambaliya, ko an taɓa karɓar tallafin FEMA, da kuma ko gidan yana cikin yankin da ake kira na ambaliyar shekara 100, wato inda yiwuwar ambaliya take kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. Ka ga ke nan akwai aƙalla tambayoyi biyu da amsarsu ta gaskiya a wurin Hajiya ita ce e, kuma idan ta rubuta a'a, ba shiru ta yi ba, ƙarya ta sa wa hannu.

Batun sayarwa a yadda gida yake kuwa, jama'a da yawa suna yi masa mummunar fahimta. Abin da wannan sharaɗin yake nufi shi ne mai sayarwa bai ɗauki alkawarin yin gyara ba. Ba ya ba shi izinin ɓoye abin da ya sani. Kotun ƙolin Teksas ta fayyace haka a 1995, a shari'ar kamfanin Prudential da Jefferson Associates, inda ta amince da ingancin sharaɗin amma ta ce ba zai kare mai sayarwa ba idan da yaudara ko ɓoye bayani ya sa mai saye ya yarda da shi. Sannan a ƙarƙashin dokar kare masu saye ta jihar, wanda aka tabbatar ya yi yaudarar da gangan ana iya ɗora masa diyya har ninki uku.

Injiniya:
Bari in ƙara da abin da ido yake gani, domin na shiga gidaje da yawa da aka gyara bayan ambaliya. Masu gyara sukan yanke allon bango a tsayin ƙafa biyu ko huɗu daga ƙasa su sa sabo, kuma duk ƙwarewar mai fenti, idan ka kara tocila a jikin bangon ka haska ta gefe za ka ga layin haɗin ya bi ɗakin a miƙe. Katakon gindin bango sabo ne ƙal a gidan da ya haura shekara hamsin. A gareji, inda ba kowa ne yake damuwa da gyara ba, sau da yawa akan tarar da shatin ruwa a jikin katako ko tsatsa a ƙafafun tukunyar dumama ruwa. Mai duba gini da ya san aikinsa ba zai daɗe ba zai gane. To idan ya gane bayan an rubuta masa cewa ruwa bai taɓa shiga ba, mai saye ba zai ƙara yarda da komai a takardar ba, har da abin da yake gaskiya, kuma a nan ne ciniki yake wargajewa.

Baban Zahra:
Na ji bayaninku, kuma ban san an ƙara waɗannan tambayoyin ba. Amma har yanzu abin yana damuna, domin mai gaskiya ne zai yi asara. Hajiya ta kashe kuɗinta ta gyara, za ta faɗi gaskiya a rage mata farashi, maƙwabcinta kuma da ya yi shiru ya sayar da tsada. Ai asalin dokar Turawa ma cewa ta yi mai saye ya buɗe idonsa.

Kawu:
Baban Zahra, gaskiyarka ce cewa tsohuwar ƙa'idar da Amurka ta gada daga Ingila ita ce mai saye ya kula da kansa, kuma akwai jihohi irin su Alabama da har yanzu suke riƙe da ita a cinikin tsohon gida, sai a wasu halaye ƙalilan. Amma mafi yawan jihohi sun bar wannan hanyar, kuma akwai dalili. A 1985 kotun ƙolin Fulorida ta yanke hukunci a shari'ar Johnson da Davis. Masu saye sun ga filastar gefen wata taga ta kumbura, suka tambaya, aka ce musu wata ƙaramar matsala ce da aka daɗe da gyarawa. Suka biya kuɗin kafin alƙalami, sai aka yi ruwan sama mai ƙarfi, matar ta shiga gidan ta tarar ruwa yana kwarara ta sama da gefen tagogi. Kotun ta ce duk abin da mai sayarwa ya sani, wanda yake taɓa darajar gida kuma mai saye ba zai iya gani da sauƙi ba, wajibi ne ya faɗa. Kalifoniya ta wajabta takardar bayyana halin gida tun 1987. Jihar Niyok ta daɗe tana barin mai sayarwa ya biya dala 500 a madadin cike takardar, kuma mutane da yawa hakan suke zaɓa, amma an rufe wannan ƙofar daga ranar 20 ga Maris na 2024, aka kuma ƙara tambayoyin ambaliya.

Dalilin a bayyane yake. Wanda ya kwana ya tashi a gida shekara da shekaru ya san abin da mai dubawa na awa uku ba zai taɓa sani ba, musamman idan ya zo ranar da ake rana. Mu kuma da muka taso da hadisin nan da yake cewa wanda ya yi mana algus ba ya tare da mu, bai kamata mu jira kotu ta koya mana wannan ba. Maƙwabcin da kake magana a kansa bai tsira ba tukuna, domin a Teksas ana iya shigar da ƙarar zamba har shekara huɗu, kuma lissafin yana iya farawa daga ranar da ya kamata mai saye ya gano abin, ba daga ranar ciniki ba.

Malam Mai Lissafi:
Akwai abu biyu da ba a ambata ba. Kamfanonin inshora suna da rumbun bayanai na haɗin gwiwa da yake ajiye tarihin neman diyya a kan gida na tsawon shekara bakwai, kuma ko bayan wannan lokacin takardun izinin gyara da maƙwabta suna nan. Na biyun ya fi muhimmanci ga Hajiya. Idan tallafin da FEMA ta bayar ya zo da sharaɗin a riƙa sayen inshorar ambaliya, dokar tarayya ta ɗora wa mai sayarwa ya sanar da mai saye wannan sharaɗin a rubuce. Idan bai sanar ba, aka sake ambaliya babu inshora, gwamnati ta tallafa wa sabon mai gidan, to tana iya komawa kan tsohon mai gida ta nemi kuɗinta. Hajiya, ki nemo wasiƙar da suka aiko muku a 2017 ki karanta sharuɗɗan.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Za mu rubuta, kuma rasiɗan gyaran duk suna nan a ajiye. Amma ina iyakar abin take? Akwai wata siririyar tsaga a saman ƙofar falo wadda take buɗewa da rani ta rufe da damina, ban san ko matsalar harsashi ba ce. Sannan dattijon da muka saya a hannun magadansa a gidan ya rasu. Su ma sai an faɗa?

Dillaliya:
Hajiya, ma'aunin shi ne abin da kika sani, ba abin da kike hasashe ba. Takardar da kanta ta ce bayani ne na iya sanin mai sayarwa a ranar da ya sa hannu, ba garanti ba ce. Saboda haka kada ki rubuta cewa harsashi ya lalace tunda ba ki da wannan ilimin, kada kuma ki rubuta cewa lafiya lau yake. Ki rubuta abin da idonki ya gani: akwai tsaga a wuri kaza, tana buɗewa da rani. Ƙasar Houston yumɓu ce mai kumbura idan ta sha ruwa ta kuma tsuke idan ta bushe, masu saye a nan sun saba da wannan maganar. Abin da nake hana mutane shi ne su shafe tsagar da fenti ana gobe za a ɗauki hoto sannan su yi shiru, domin wannan shi ne ɓoyewar da kotu take hukuntawa. Idan kika kira injiniya ya duba, ki sani cewa rahotonsa ya zama abin da kika sani, kuma fom ɗin da ƙungiyar dillalan Teksas take amfani da shi yana neman a lissafa rahotannin dubawa na shekara huɗu da suka wuce. Duk da haka ni ina ganin dubawar ta fi, domin rahoton injiniya da ya ce tsagar ba ta da haɗari ya fi ƙarfin duk wani bayani naki.

Rasuwar dattijon ba dole ba ce a Teksas. Sashen dokar ya ce babu wajibin faɗin mutuwar da ta auku ta ajali, ko ta kashe kai, ko ta haɗarin da ba shi da alaƙa da halin ginin. A Kalifoniya kuwa ana faɗin mutuwar da ta faru a cikin shekara uku kafin ciniki, shi ya sa ba a ɗaukar hukuncin wata jiha a kai wata. Amma idan aka tambaye ki kai tsaye, kada ki yi ƙarya.

Akwai kuma abin da ba ki tambaya ba, wanda shekarar ginin ta jawo. Duk gidan da aka gina kafin 1978 yana ƙarƙashin dokar tarayya ta 1992 game da fenti mai gubar dalma. Za ki faɗi abin da kika sani, ki miƙa duk rahoton da kike da shi, ki ba mai saye ɗan littafin gargaɗi na hukumar kare muhalli, kuma yana da kwana 10 na yin gwaji sai dai in shi ya yafe. Ba a tilasta miki ki gwada ko ki kankare fentin ba. Ki kuma tabbatar takardun nan sun isa hannun mai saye kafin a sa hannu a yarjejeniya, domin idan takardar bayyana halin gida ta zo daga baya, yana da kwana bakwai da zai iya fasa cinikin ba tare da ya kawo dalili ba.

Malam Mai Lissafi:
Bari in ɗauki tambayar kuɗin. Babban abin da za a fara cirewa shi ne ragowar bashin gidan, idan akwai, kuma adadin da yake jikin takardar banki ta wata-wata ba shi ne za a biya ba, domin kuɗin ruwa yana taruwa kullum har zuwa ranar da aka biya. Kamfanin tantance mallaka, wato wanda yake binciken takardun gidan ya kuma kammala cinikin, shi ne zai nemi adadi na ƙarshe daga bankin. Sai la'adar dillalai, wadda ta daɗe tana tsakanin kashi 5 zuwa 6 cikin 100. A matsayin misali kawai, idan kuka yarda da kashi 3 ga dillaliyarku da kashi 2.5 ga dillalin mai saye, a kan dala 320,000 za a cire 9,600 da 8,000, jimilla 17,600. Sai inshorar mallaka, wadda take kare mai saye idan wani ya fito daga baya yana da'awar haƙƙi a kan gidan. A Teksas an saba mai sayarwa ne yake biyanta, ko da yake ana iya daidaitawa, kuma hukumar inshora ta jihar ce take yanke farashin, saboda haka yawon neman mai araha ba zai rage ta ba. A gida mai wannan darajar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba.

Abin da yake ba mutane mamaki shi ne harajin gida. A Teksas takardar harajin shekara tana fitowa wajen Oktoba, a biya kafin ƙarshen Janairu. Idan kun sayar a ƙarshen Yuni, mai saye ne zai biya na dukan shekarar, don haka za a cire rabonku na wata shida a ba shi. In harajin dala 7,200 ne a shekara, kusan 3,600 ke nan. Inda kuka yi sa'a shi ne Teksas ba ta karɓar harajin canja mallaka. A Fulorida senti 70 ake biya a kan kowace dala 100 a mafi yawan gundumomi, jihar Niyok kuma dala 2 a kan kowace 500, ban da na birnin. Sauran ƙanana ne: ladan kamfanin da ya riƙe kuɗin amana, kuɗin rubuta takardar mallaka, da takardar ƙungiyar masu gidajen unguwa idan akwai, wadda doka ta hana a caji fiye da dala 375 a kanta. Ki ce wa dillaliyarki ta rubuta miki wannan lissafin a takarda ɗaya tun kafin a sa gidan a kasuwa, ta kuma bar gurbin ragin da mai saye zai nema bayan dubawa.

Baban Zahra:
A kan la'adar nan kam ina da magana, kuma wannan karon na bi labarin. A watan Oktoban 2023 wata kotun tarayya a jihar Misuri ta samu ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa da wasu manyan kamfanoni da laifin haɗa baki wajen tsawwala la'ada, aka yanke diyyar kusan dala biliyan 1.8. A watan Maris na 2024 ƙungiyar ta amince ta biya dala miliyan 418, kuma daga 17 ga Agustan 2024 aka hana rubuta tayin la'adar dillalin mai saye a rumbun tallan gidaje na dillalai. To me zai sa Hajiya ta biya dala 8,000 ga mutumin da aikinsa shi ne ya rage mata farashi?

Dillaliya:
Duk abin da ka faɗa daidai ne, Malam, kuma ya kamata a sani cewa ni da la'ada nake ci, don haka a auna maganata da wannan. Babu dokar da ta tilasta wa Hajiya ta biya dillalin mai saye, kuma la'adar dillaliyarta ma abin ciniki ce, ba ta da ƙayyadadden farashi. Sai dai yanzu mai saye yana sa hannu a yarjejeniya da dillalinsa kafin a fara zagayawa da shi, kuma mai saye da ya tattara duk abin da ya mallaka don biyan kason farko na kuɗin gidan ba shi da wata dala 8,000 a gefe. Sau da yawa sai ya nemi mai sayarwa ya ɗauki nauyin a cikin tayinsa. Shawarata ita ce kada Hajiya ta ɗaure kanta da wani kaso tun farko. Ta jira tayi ya zo, ta kwatanta abin da zai rage mata a kowanne bayan an cire komai, domin tayin dala 320,000 da za ta biya dillalin mai saye zai iya fin na 308,000 da ba za ta biya ba. Gidan da yake da tarihin ambaliya kuma ba ya son a rage yawan masu zuwa kallonsa.

Kawu:
Hajiya, wata tambaya da za ta canja lissafin: za ku ci gaba da zama a ƙasar ne, ko tashi za ku yi gaba ɗaya?

Maman Hanif:
Tashi za mu yi, Kawu. Maigidan ya yi ritaya. Muna da katin zama na dindindin, kuma har mun yi tunanin mu fara tafiya mu bar wa dillaliyar ta sayar a bayanmu.

Malam Mai Lissafi:
To lallai tambayar Kawu ta zo a kan gaɓa. Da farko, game da harajin riba, wanda ya mallaki gida ya kuma zauna a ciki aƙalla shekara biyu cikin biyar ɗin da suka gabaci sayarwa ba ya biyan haraji a kan ribar da ba ta wuce dala 250,000 ba, ko 500,000 ga ma'auratan da suke cike takardar haraji tare. Riba ake nufi, ba farashi ba, kuma la'ada da sauran kuɗin sayarwa ana cire su kafin a lissafa ta. A halinku da wuya ku biya komai.

Amma akwai dokar FIRPTA ta 1980. Idan mai sayarwa baƙo ne a idon hukumar haraji, wajibi ne mai saye ya riƙe kashi 15 cikin 100 na farashin gaba ɗaya, ba na riba ba, ya aika wa IRS, wato hukumar harajin tarayya. A kan dala 320,000 wannan 48,000 ne. Idan mai saye zama zai yi a gidan kuma farashin yana tsakanin 300,000 da miliyan ɗaya, kason ya sauka zuwa kashi 10, wato 32,000. Mai katin zama na dindindin ba baƙo ba ne a wannan ma'anar, takardar rantsuwa kawai zai sa wa hannu ranar kammala ciniki a wuce wurin. Amma idan kuka tafi kuka mayar da katin kafin a sayar, hukuncin zai hau kanku. Kuɗin ba ɓacewa yake yi ba, ana iya dawo da shi bayan an cike takardar harajin shekarar, ko a nemi ragi tun farko da fom mai lamba 8288-B, wanda amsarsa takan ɗauki wajen kwana 90. Sai dai wata da watanni mutum yana wata ƙasa yana bin kuɗinsa ta wasiƙa ba ƙaramin wahala ba ne. Ku kammala cinikin tukuna kuna da katin a hannu, kuma kafin ku yanke ranar tafiya ku zauna da masanin haraji, domin wanda ya riƙe katin a cikin shekara 8 daga 15 da suka wuce yana da wasu takardun daban da zai cike idan ya mayar da shi.